Daga duka zuwa benci: yadda tsohon ɗan ƙwallon raga zai zama koci

Ranar da na fara koyar da ƙwallon raga na yi abin da kusan kowane tsohon ɗan wasa yake yi. Na tara yaran makarantar, 'yan shekara 14 zuwa 16, na ce wa ɗaya ya ɗaga mini ƙwallo, na taso da gudu na yi sama na maka ta cikin layin mita 3. Suka ɗau tafi, wani har da fito. Na ce, "To, haka ake yi." Da dare gwiwata ta kumbura suntum, washegari kuma na dawo na tarar babu wanda ya ƙaru da komai. Wani dogon yaro ya matso ya ce, "Koci, don Allah da wace ƙafa kake farawa?" Wallahi ban sani ba. Shekara 11 ina duka a ƙungiyar jiha, ban taɓa tambayar kaina ba. Sai da na zaga bayan aji na yi takun a hankali sau uku, sannan na gane hagu, dama, hagu ne, kamar yadda yake ga mai duka da hannun dama.

Wannan rubutu naku ne, ƙannena maza da mata da tsalle ya fara yi wa nauyi, kuna tunanin rataya usur a wuya. Zan riƙa kawo misali da Lang Ping ta ƙasar Sin, domin ita ce mutum na farko a tarihin wasan nan da ya ci zinaren Olamfik yana ɗan wasa, ya kuma dawo ya ci yana koci. Ta ci a Los Angeles a 1984, ta sake ci a Rio a 2016. Shekara 32 ke nan a tsakani, kuma abin da ta yi cikin waɗannan shekaru shi ne ya kamata mu duba.

Ka fara zama ƙarƙashin wani

A shekarun 1980 babu wanda bai san Lang Ping ba a Sin. Laƙabinta Gudumar Ƙarfe, saboda nauyin dukanta. Da ita aka ci Kofin Duniya na 1981 a Japan, da gasar duniya ta 1982 a Peru, da zinaren 1984, inda suka doke Amurka a gidanta turmi 3 da nema a wasan ƙarshe. Da ta zauna a gida, da kujera mai laushi tana jiran ta. Sai ta tattara a 1987 ta tafi Amurka, ta shiga karatu a Jami'ar New Mexico, ta zama mataimakiyar kocin ƙungiyar ɗalibai mata. Ka duba nisan da ke tsakanin matan da ta saba bugawa da su da waɗannan 'yan jami'a. A wurinsu ta koyi bayani ga wanda bai kai ta ba, da harshen da ba nata ba.

Karch Kiraly na Amurka ma haka ya yi. Yana da zinare uku a hannu, na 1984 da 1988 a cikin zaure, da na 1996 a wasan rairayi, amma da ƙungiyar makarantar 'ya'yansa ya fara koyarwa, sannan daga 2009 ya yi mataimaki a ƙarƙashin Hugh McCutcheon a ƙungiyar matan Amurka, sai a 2012 aka danƙa masa ita.

Saboda haka kada ka karɓi ƙungiya kai kaɗai a shekarar farko, ko an yi maka tayi. Nemi wani tsohon koci, ko da kuwa a zamanin wasa bai kai ka ba, ka ce masa, "Malam, ina so in riƙa jefa maka ƙwallo." Ka yi shekara ɗaya ko biyu kana ɗaura raga, kana tsintar ƙwallo, kana sauraron abin da yake faɗa da lokacin da yake yin shiru. Na san da ciwo. Ni da na yi, tsoffin abokan wasana sun sha tsokana ta cewa na koma yaron wanda a da a benci yake ƙare gasa. To amma mutumin ya san abin da ban sani ba. Chen Zhonghe, wanda ya kai matan Sin ga zinare a Athens a 2004, asalin aikinsa a ƙungiyar shi ne buga wa su Lang Ping ƙwallo a atisaye don su saba da dukan abokan gaba. Julio Velasco ɗan Ajantina, da ya ci gasar duniya sau biyu da mazan Italiya a 1990 da 1994, ya kuma ci zinaren Paris da matansu a 2024, ba da duka ya yi suna ba.

Abin da jiki ya sani, baki ya koya

Nan ne wahalar take, kuma nan zan fi daɗewa.

Gwani ba ya tunani idan ƙwallo tana sama. Jikinsa ne ke tafiya. Shi ya sa idan yaro ya kasa, abin da ke fara fitowa daga bakin tsohon gwani shi ne, "Kai, ba ka gani ba? Haka fa!" sai ya sake nunawa. Yaron ya gani sarai, ganin ne bai ishe shi ba. Dole ka zauna da takarda ka wargaza kowane motsi gida-gida, kamar bakanike ya kwance inji. Ɗauki duka: taku, lilon hannuwa biyu zuwa baya, tashi da ƙafa biyu, gwiwar hannu sama, haɗuwa da ƙwallo a gaban kafaɗa ba a bisa ƙeya ba, sauka da ƙafa biyu gwiwa a ɗan lanƙwashe. Kowanne ka nemo masa kalma biyu ko uku da za ka riƙa faɗa kullum ba sauyi. Ni nawa su ne "taku na ƙarshe da sauri", "gwiwar hannu sama", "sauka biyu". Yarana ko cikin barci aka tashe su sun san su.

Sannan ka hana idonka bin ƙwallo. Wannan ya ɗauke ni kusan shekara. Ɗan wasa ƙwallo yake kallo, haka aka raine shi. Kai yanzu ƙafafu za ka kalla, da ƙugu, da kafaɗa. Idan yarinya ta karɓi sabis, wato bugun da ake fara wasa da shi, ƙwallon ta fice gefe, sau da yawa laifin ba na hannu ba ne, ƙafarta ce ta makara, ko kuma ta miƙe tsaye kafin ƙwallon ta iso. Idan idonka ya tafi da ƙwallon, abin da za ka gani kawai shi ne inda ta faɗi, kuma wannan ko mai sayar da ruwan leda a bakin fili ya gani. Dabarar da tsohon kocina ya koya mini ita ce in tsaya a gefe in zaɓi yaro ɗaya, in kafe shi da ido har a buga ƙwallo goma, kome ya faru a sauran filin ba ruwana.

Gyara ɗaya a lokaci ɗaya. Za ka ga kuskure biyar a jikin yaro a tsalle guda, bakinka zai yi ƙaiƙayi. Zaɓi wanda ya haifi sauran, yawanci na ƙasa, wato ƙafa, ka bar huɗun sai wani makon. Kuma ka gaya masa abin da zai yi maimakon abin da zai daina. "Daina sunkuyar da hannu" ba ta kai "gwiwar hannu sama" aiki.

Nunawa kuwa ka rage ta. Idan da hali sa yaron da ya fi iyawa a cikinsu ya nuna, domin jikinsa ya fi kama da nasu. Abin da hannunka zai ƙware a kai yanzu shi ne jefa ƙwallo: ka iya aika ta wuri ɗaya sau hamsin, da tsayi ɗaya, da ƙarfin da ya dace da mai karɓa. Akwai tsoffin 'yan wasa da ke maka wa yara 'yan shekara 13 ƙwallo da dukan ƙarfinsu wai suna cire musu tsoro. Tsoron suke dasawa, kuma a raina ina zargin kewar tafi ce ke damun su. Na faɗi haka ne don ni ma na yi.

Wani abu kuma: kowa gurbinsa ya sani. Ni mai duka ne daga gefen hagu, ban san komai ba game da yatsun seta, mai ɗaga ƙwallo, ban kuma san rayuwar libero ba, mai tsaron baya da ke sa riga daban, gurbin da aka shigo da shi a 1998. Na yi wata uku ina zuwa wurin wani tsohon seta da yamma, ina saya masa shayi, yana nuna mini yadda ƙafar dama ke ɗan shiga gaba kusa da raga, da yadda ake ɓoye inda za a aika ƙwallo. Lang Ping mai duka ce, amma abin da aka san ƙungiyoyinta da shi shi ne kowa ya iya karɓa da tsaron baya, har dogayen.

Littafi da biro

Sayi littafi mai kauri. A kowane wasa ka sa mataimaki, ko yaron da ke jinya, ya riƙa ba kowace karɓar sabis maki: 3 idan ta je hannun seta daidai yana da zaɓin masu duka duka, 2 idan ta ɗan kauce, 1 idan da ƙyar aka cece ta, 0 idan ta mutu. A ƙarshe a tara a raba. Haka ma sabis: nawa suka shiga, nawa suka faɗa raga ko waje. Za ka sha mamaki. Shekarar farko na rantse matsalarmu duka ce, littafin ya nuna mini muna zubar da maki 7 ko 8 a kowane turmi ta sabis da karɓa kaɗai. A turmin da ake tashi a maki 25, kuma kowace ƙwallo maki ce tun da aka sauya tsarin lissafi a ƙarshen shekarun 1990, wannan kyauta ce ka ba abokin gaba kusan sulusin wasa. Tun daga nan rabin atisayena sabis ne da karɓa. Yara ba sa so, duka suke so, domin duka 'yan kallo ke yi wa ihu. Nakan bar musu shi a minti 20 na ƙarshe kamar naman da ke ƙasan kwano.

Atisayen ma rubuta shi kafin ka fito daga gida, minti-minti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ƙwallo huɗu da yara ashirin, idan ba ka tsara ba, mutum goma sha shida za su wuni a layi suna hira. Raba su uku-uku, ka yi amfani da bango, ka ɗaura igiya tsakanin bishiyoyi ta zama raga ta biyu. Kuma ga masu farawa kada ka ɗora tsarin seta ɗaya da masu duka biyar don kawai shi kuka yi a ƙungiyar jiha. Fara da seta biyu da masu duka huɗu, seta yana gaba kullum, sai sun daina rikicewa wajen juyawa, wato sauya gurbi da ake yi duk lokacin da sabis ya dawo hannunku.

Dokokin da ɗan wasa bai damu da su ba

Kana iya shekara 15 a fili ba ka taɓa cike takardar jeri ba. Ni a gasar makarantu ta farko da na je, hannuna na rawa na rubuta lambobin, na sa setocina biyu maƙwabtan juna maimakon su fuskanci juna a jeri. Da takarda ta isa teburin marubuci ba a sauya ta, sai dai ka kashe canji. Muka buga turmin nan da juyi biyu da ba mu da seta ko ɗaya a gaba, yara suna waiwayo na, ni kuma ina kallon ƙasa. Ka zana fili a littafinka, ka bi juyi shida ɗin da tsakuwa ko marfin kwalba har ka haddace wanda ke gaban wa, wanda ke hagun wa lokacin da ake buga sabis.

Canji shida kake da shi a turmi, ban da shiga da fitar libero. Wanda ya fara wasa idan ka cire shi sau ɗaya zai iya dawowa, kuma sai a madadin wanda ya canje shi. Hutu biyu kake da shi, kowanne daƙiƙa 30. Daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar wa'azi. Bar su su sha ruwa a goman farko, ka faɗi abu ɗaya da za su yi a ƙwallo mai zuwa, misali "a kai sabis kan mai lamba 7, ba ta son gajere", ka sallame su. Wanda ya ɓata hutunsa yana tuna wa yara kuskuren da suka riga suka sani, gara ma bai kira ba.

Abin da ya faru a Rio

Ina so ka nemi wasan kusa da na kusa da ƙarshe na Sin da Brazil a 2016 a YouTube, ka kalle shi da idon koci. Sin ta fito daga rukuni a matsayi na huɗu, ta sha kashi a hannun Holan da Sabiya da Amurka, wasa biyu kawai ta ci. Brazil ce mai masauki, ita ta ci zinaren 2008 da na 2012, ba ta rasa ko turmi ɗaya ba a rukuni, ga zauren Maracanãzinho cike da mutanenta. Turmin farko Brazil ta ci 25 da 15. Lang Ping ta juya ga benci, ta shigo da Liu Xiaotong wadda ba ta cikin masu farawa, wasan ya sauya, Sin ta ci 3 da 2, turmi na biyar 15 da 13. Daga nan ta rama kan Holan, ta kuma rama kan Sabiya a wasan ƙarshe 3 da 1, shi ma bayan ta rasa turmin farko.

Canjin nan ba sa'a ba ce. Tun da ta dawo kocin matan Sin a 2013 ta faɗaɗa ƙungiyar ƙasa, tana kiran 'yan wasa da yawa sansani, tana jujjuya su a ƙananan gasanni ko da za a sha kashi. Shi ya sa ranar da ta buƙaci 'yar benci, 'yar bencin ta riga ta san zafin fili. Mu a nan mukan riƙe mutum shida da libero tun farkon shekara har ƙarshe, sauran su zama masu ɗaukar jaka. Ranar da ɗaya ya gurɗe, sai ka tura yaron da gwiwarsa ke karkarwa, ka kuma zage shi idan ya kasa. A wasannin sada zumunci ka ba kowa turmi cikakke. A atisaye ka gauraya su, kada kullum ya zama manya a gefe ɗaya suna cin ƙanana.

Ka kuma lura da fuskarta a gefen fili lokacin da ake cin su. Yara fuskarka suke karantawa kafin allon maki.

Neman yara

Zhu Ting, wadda aka zaɓa gwarzuwar gasar Rio, 'yar manoma ce daga wani ƙauye a lardin Henan, tsayinta mita 1.98. Tana da shekara 18 Lang Ping ta ɗauko ta zuwa babbar ƙungiya a 2013, ta kuma dage sai ta koyi karɓar sabis da wasan baya, maimakon a bar ta da duka kawai a riƙa cire ta idan ta juya baya. Dogayen yara suna nan birjik a makarantunmu, a tsangaya, a kasuwa suna dako, yawanci ana yi musu dariyar tsayi. Kada ka raina yaro don jikinsa bai haɗu ba tukuna. Dogo yakan makara wajen iya sarrafa gaɓoɓinsa, gajere mai zafin nama zai fi shi kyau a shekarar farko, a ta uku labari ya sauya. Ragar maza mita 2.43 ce, ta mata 2.24, ba za ta sauko don kowa ba.

Idan 'yan mata za ka koyar, aikin daga zauren gidansu yake farawa. Je ka gaida mahaifi, ka faɗi lokacin tashi kuma ka cika shi, ka nemi malama mace da za ta riƙa zama a fili, ka amince da dogon wando da ɗankwali. Na rasa yarinyar da ta fi kowa hannu a shekarata ta biyu saboda sau biyu na riƙe su har bayan magariba. Laifina ne, mahaifinta bai yi ƙarya ba. Da azumi kuwa ka rage tsalle, ka mayar da atisaye bayan la'asar kusa da shan ruwa ko bayan asham, a yi ta aikin hannu da ƙafa.

Takarda, abinci, gwiwa

Nemi takardar shaida. Hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, tana da kwas na koci mataki uku, a Najeriya kuma akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas. Ka riƙa bibiyar hukumar wasan ta ƙasa da ta jiharka don jin lokacin kwas. Kada ka ajiye aikin da ke ciyar da kai. Manyan ƙungiyoyinmu yawanci na hukumomin masu kaki ne, irin su Kwastam da Sibil Difens, guraben koci a cikinsu kaɗan ne, sauranmu da koyarwa a makaranta ko kasuwa muke haɗawa. Lang Ping kanta inda aiki yake ta bi: Modena da wasu kulob a Italiya, Amurka daga 2005 zuwa 2008, Ankara a Turkiyya, sannan Guangdong. A Beijing a 2008 ƙungiyar Amurka da take jagoranta ta doke Sin 3 da 2 a gaban mutanenta, ta kuma tashi da azurfa. Ta sha suka a gida daga wasu, bayan shekara biyar kuma suka kira ta.

Gwiwa kuwa, Lang Ping an sha yi mata aiki a tata. Mu da muke atisaye a kan siminti ya kamata mu fi kowa tsoro. Ƙidaya tsallen yara a rana, kada ka bar mai ciwon ƙasan ƙoƙon gwiwa ya ci gaba don gasa ta matso, ka koya musu sauka kafin ka koya musu tashi.

A Tokyo, gasar Olamfik da aka buga a 2021, Zhu Ting tana fama da ciwon wuyan hannu, Sin ta sha kashi a wasanni uku na farko a hannun Turkiyya da Amurka da Rasha, ta fita tun a rukuni. Kiraly ne ya ɗauki zinaren da matan Amurka. Bayan wasansu na ƙarshe da Ajantina, 'yan wasan Sin suka jeru suka rusuna wa Lang Ping a tsakiyar fili, ana ta kuka, daga nan ta ajiye aikin. Na kalli wannan a waya a ɗakin malamai, na sake kallo, sannan aka kaɗa ƙararrawar tashi. Dogon yaron nan da ya tambaye ni ƙafar farawa shi ke taimaka mini yanzu. Na same shi a fili ya riga ya ɗaura raga, ya tsayar da wani sabon yaro ɗan aji ɗaya, bahago, yana ta faman juya masa takun zuwa dama, hagu, dama.